Yadda ake harhaɗa ƙaramin jirgin Sopwith Camel ba tare da fiffiken sama ya karkace ba

Yawancin masu fara harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba masu fukafukai hawa biyu, irin waɗanda ake sayen sassansu a kwali, a wuri ɗaya aikin yake tsaya musu, wato wajen ɗora fiffiken sama. Gangar jiki ta haɗu lafiya, fenti ya yi kyau, sai a zo kan siraran ginshiƙai takwas da suke riƙe fiffiken sama, huɗu a tsakiya huɗu a waje, a kafa wannan wancan ya zame, gam ya ɓata fentin da aka sha wahalarsa. Daga nan sai a tattara kaya a mayar cikin kwali. Na ga haka ya faru da mutane masu hannu mai kyau, kuma matsalar kusan kullum daga tsarin aikin take, abin da ya kamata a yi da farko shi ake bari sai ƙarshe.

Zan yi misali da Sopwith Camel, jirgin Ingila da ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 8.5 ne, don haka a ma'aunin 1/48, wato kashi ɗaya cikin 48 na girman jirgin gaske, zai zo maka kusan santimita 18, a 1/72 kuwa kusan 12. Ka sayi na 1/48. Na 1/72 ya fi araha, amma ginshiƙansa sun yi siriri da yawa ga mai koyo. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek yana da mai kyau a 1/48. Na Wingnut Wings mai girman 1/32 ya fi su duka, sai dai kamfanin ya rufe a 2020, abin da ya rage a hannun mutane kuma tsadarsa ba ta mai koyo ba ce.

Ba zan tsaya kan yanke sassa da goge su da samfefa ba, kowa ya san wannan. Abu ɗaya dai: kada ka fizge ginshiƙi daga jikin firam ɗin robar da sassan suke zuwa a manne a kai da hannu. Ka yanke da sabuwar reza, ka ajiye kowanne a kan tef ɗin takarda da lambarsa a rubuce, domin na gaba da na baya tsawonsu ba lallai ya zo ɗaya ba, kuma ido ba ya rabe su.

Kafin fenti, kafin gam, ka huda ramukan wayoyin da suke ɗaure fukafukan. Ka nemi bakin huji na hannu mai kaurin milimita 0.3, ka sayi fiye da ɗaya saboda suna karyewa. A ƙarƙashin fiffiken sama ramin ya tsaya rabi, kada ya ɓullo ta baya. A fiffiken ƙasa kuwa ka huda har ya fita. Takardar da ke cikin kwalin tana nuna inda kowace waya take bi. Ka lura, a jikin Camel wayoyin da suke tashi daga gindin gangar jiki zuwa fiffiken sama bibbiyu suke tafiya, waɗanda suke saukowa daga tsakiyar sama zuwa fiffiken ƙasa kuma ɗai-ɗai ne.

Sai fenti, kuma a shafa shi fukafukan suna rabe. Saman jirgin launin da ake kira PC10 ne, tsakanin ruwan ƙasa da kore, har yau masu wannan sana'a suna gardama kan wanne ya fi rinjaye. Ni na fi son ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Ƙarƙashinsa launin yadin lilin ne da aka shafa wa mai, fari mai ɗan rawaya. Murfin injin sau da yawa launin alminiyom yake. Ginshiƙai da farfela da katakon da ke kewaye da mazaunin matuƙi, ka fara shafa musu launin yashi, ya bushe, sannan ka ɗora fentin mai na masu zane, ja mai duhu, ka ja busasshen buroshi a kai ta fuska ɗaya har zanen katako ya fito. Wannan fentin yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ka kifa masa roba saboda ƙura, kada kuma ka taɓa don ka ji ko ya yi. Tambarin da'irar nan ta shuɗi da fari da ja na saman fiffike, yanzu ake manna shi, a kan fuska mai sheƙi, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari.

To ga inda ake faɗuwa. Ka fara duba jirgin ta gaba ka gane siffarsa. Fiffiken saman Camel a miƙe yake sak, na ƙasa ne yake ɗagawa sama wajen bakinsa, kusan digiri 5. Idan ka manne na ƙasa a kwance, ginshiƙan waje ba za su kai ba, kuma babu dabarar da za ta gyara wannan daga baya. Ta gefe kuma fiffiken sama ya ɗan riga na ƙasa zuwa gaba, shi ya sa ginshiƙan suke a jingine. Ka yanka kwali mai kauri gida biyu daidai da wannan jinginar, ka tsaga wuraren da fukafukan za su shige. Kwalin banza ya ishe ka, ba sai ka sayi abin riƙewa na kamfani ba.

Yanzu ka kankare fenti daga bakin kowane ginshiƙi da cikin raminsa, domin gam ɗin roba ba ya kama fenti. Ka yanka zaren fatsa mai kaurin milimita 0.1, shi ne zai zama wayoyin, kowane guntu ya ninka tsawon da ake buƙata, ka manne bakinsa a ramukan fiffiken sama da ɗigon sufa gulu a kan tsinin allura. Za su yi ta reto, ka tattara su ka danne da tef. Sannan ka kafa ginshiƙan tsakiya guda huɗu a gangar jiki da gam ɗin roba mai jinkirin bushewa. Kada ka sa sufa gulu a nan. Yana kamawa kafin ka daidaita, kuma yana barin farin tabo a kan fenti. Tun gam ɗin yana da taushi, ka kwantar da fiffiken sama a rigingine a kan tebur, ka kifa jirgin a kansa, ƙafafun huɗu su faɗa ramukansu. Ka sa kwalayenka biyu, ka leƙa ta sama ka tabbatar bakin fukafukan biyu suna tafiya layi ɗaya, ka leƙa ta gaba, ka sake leƙawa ta sama. Daga nan ka ɗauke hannu sai gobe.

Kada ka yi ƙoƙarin kafa takwas ɗin a zama ɗaya, duk yadda hannunka ya kai ga natsuwa. Washegari, da tsakiya ta yi ƙarfi, sai ka ɗan buɗa fukafukan da yatsa, ka zura ginshiƙan waje ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ka ɗiga ruwan gam irin Tamiya Extra Thin a gindin kowanne. Idan wani ya yi tsawo har yana tura fiffike sama, ka cire shi ka rage, kada ka danne da ƙarfi, zai lanƙwashe.

Wayoyi kuma sun zama abu mai sauƙi tunda ramuka suna nan. Ka zura kowane zare ta ramin fiffiken ƙasa, ka maƙala masa abin shanya kaya ya ja shi, ka ɗiga sufa gulu, ya bushe ka yanke saura da reza. Ka riƙa yin dama ka yi hagu, don kada ja ya rinjayi gefe ɗaya. Wanda ya saki, ka kunna turaren tsinke ka kusantar da shi kaɗan, zafin zai sa zaren ya miƙe, amma in ka matso da yawa tsinkewa zai yi. Ka bi su da fenti launin ƙarfe.

Abin da ya rage ba shi da yawa. Ka cike ramukan ƙarƙashin fiffike, ka gyara fentin wurin, ka manna tambarin ƙarƙashin fiffike, ka sa tayoyi da bindigogin Vickers biyu da farfela. Injin Clerget na wannan jirgi juyawa yake yi gaba ɗayansa tare da farfela, yana fesar da man zurma, saboda haka ka ja 'yan siraran layukan ruwan ƙasa mai duhu daga bayan murfin injin zuwa ƙarƙashin ciki. Kaɗan ya isa. A ƙarshe ka bi yadin da abin rufe fenti marar launi mai ɗan sheƙi, ka bar murfin injin da katako yadda suke.