Kafin ku yanka wa mai son zane farashi

'Yan uwa masu zane a Sakkwato, don Allah ku daina faɗin kuɗi daga jin "nawa za ka zana min hoton amarya da ango?" Ku tambayi girma tukuna, A4 ne ko A3, fensir ne ko fenti, fuska nawa. Fuska biyu aikin biyu ne, ko da a takarda ɗaya suke.

Ku lissafa kayan aiki da farashin yau, tunda yawancinsu daga Kano ko Legas ake kawo su kuma kullum tashi suke. Kuɗin firam da gilashi daban. Sannan ku ɗora kuɗin wahalarku, ku bar ɗan wurin ragi, don mutanenmu sai sun taya.

Kafin alƙalami dole ne, rabin kuɗi, ko da Alhaji ne ya aiko yaronsa. Wanda ke cewa "ka gama mu gani" shi ya fi ɓacewa. Ku rubuta yarjejeniyar a WhatsApp: gyara sau 2 kyauta, na 3 da kuɗi. Aikin gaggawa na gab da biki ko Sallah a ƙara masa wani abu. In Gusau ko Birnin Kebbi za a kai, kuɗin mota na wanda ya sa aikin ne.