Yadda za ka tsara hannun jarinka don kada magada su sha wahala

Mai shago a Kantin Kwari ya je buɗe asusun hannun jari, sai ya tarar da gurbi a fom an rubuta "next of kin". Ya sa sunan babban ɗansa, ya tashi da tunanin ya gama rabon gado. Bai raba komai ba. Wanda aka rubuta a gurbin nan shi ne kawai wanda kamfani zai nema idan wani abu ya same ka. Bai da ikon taɓa ko kwabo saboda sunansa na wurin.

Ga musulmi, tsarin a fili yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya, sannan a raba saura. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya sai in sauran magada sun amince. A ce jarinka ya kai naira miliyan 9, ana binka miliyan 3. Saura miliyan 6. Iyakar abin da za ka iya yi wa agola, ko jikan da mahaifinsa ya rasu kafin kai, ko wata makarantar Islamiyya wasiyya da shi miliyan 2 ne. A cikin miliyan 4 da suka rage, idan akwai 'ya'ya, tumunin matarka dubu 500 ne. In mata biyu ne su raba shi. Rubuta wasiyyar, ka sa shaidu biyu adalai, ka faɗi sunan kamfani da adadin hannun jarin. "Na ba Sani wani abu daga jarina" rigima ce ka bari.

In kuwa wani daga cikin 'ya'yanka kake son ba wa, hanyar ita ce kyauta tun kana da lafiya. Sai dai a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓa. Ka je wurin dillalinka a mayar da hannun jarin sunansa a CSCS, cibiyar da ke adana bayanan hannayen jarin kasuwa. Kyautar baki da ba a mayar ba har aka rasu, ta koma gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Mutum ya sayi jari shekarun baya da Mamman, a banki yana Mohammed, a katin NIN Muhammad. Yana raye, rantsuwar kotu da fom guda a wajen rajistara (mai riƙe da jerin sunayen masu hannun jarin kamfani) sun isa a haɗe su. Bayan ransa, magada ne za su yi ta kaiwa da komowa suna neman tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Haka tsoffin takardun hannun jarin bankunan da aka haɗe, irin su Oceanic da ya shiga Ecobank ko Intercontinental da ya shiga Access: a bincika yanzu a ga abin da suka zama.

Cike fom ɗin da zai sa riba ta riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun gwamnati. Ana iya nemanta, amma da ƙarin zirga-zirga.

Sai ka tara a fayil ɗaya: lambar CHN (lambar shaidarka a CSCS), sunan dillali, sunan rajistaran kowane kamfani, takardun hannun jari na asali, da lambar asusun fanshonka in akwai. Mutum biyu su san inda yake, kada ya zama uwargida kaɗai.

Bayan rasuwa, magada za su fara da takardar shaidar mutuwa, sannan takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Kano, inda ake biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar. Da ita ake buɗe asusun banki da sunan dukiyar marigayi, rajistara ya mayar da jarin hannun masu izinin. A tabbata an lissafa kowane kamfani a cikin takardar. Wanda aka manta, sai an sake komawa kotu a ƙara shi.