Kurakuran da samari ke yi wajen canza salansar Challenger, Mustang da Camaro

Na gaji da ganin abu ɗaya. Yaro zai kawo motarsa daga Amurka, ko takardun kwastan ba su gama bushewa ba ya nufi wurin mai walda wai a buɗe mata murya, bayan sati biyu ya dawo yana tambaya me ya sa kansa ke ciwo in ya yi tafiya mai nisa.

Babban kuskuren shi ne sayen salansa saboda bidiyon da ka gani a YouTube. Waya ba ta ɗaukar amon nan mai kauri da ke cika cikin mota, wanda Turawa ke kira duron, kuma yawancin bidiyon daga bayan mota ake ɗauka ana taka totur a tsaye, kai kuwa a ciki za ka zauna. Ni ya ci ni. Challenger R/T ce ta 2013, injin Hemi 5.7, giya otomatik. Na tara kuɗi na yi odar mafi ƙara da na samu, na biya kuɗin jirgi, aka ɗaura, a cikin gari daɗi kamar me. Ranar da na hau hanyar Kano zuwa Kaduna, allurar inji ta zauna kusa da 2,000, sai wani gunji ya taso daga ƙarƙashin kujerar baya, dummm, ba ya tashi ba ya sauka, madubin tsakiya har rawa yake, ƙarfen bel ɗin kujerar da babu kowa yana kaɗawa. Hajiyarmu na baya, kafin mu kai Kwanar Dangora ta ce in tsaya ta sha iska, ta ce ɗan nan wannan mota ce ko injin niƙa. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba wanda ya gaya min dalili sai da na bincika: Hemi mai otomatik yana da tsarin MDS da ke kashe silinda 4 cikin 8 in kana tafiya a miƙe don rage shan mai, to salansar kamfani an yi ta ne ta ɓoye wannan sautin, taka ta kasuwa kuwa fito da shi take yi. Camaro SS mai otomatik ma yana da irinsa, AFM sunansa. Asarar da na yi ta kai ni sayar da sabuwar salansar rabin kuɗi.

Yanzu ni ƙa'idata, ba na sayen salansa sai na shiga motar wani mai irinta, injin iri ɗaya, giya iri ɗaya, mun hau babban titi gilashi a rufe na ji da kunnena. Kuma ƙaramar tukunyar nan ta rezoneta ba na bari a cire ta ko an ce tana danne ƙara. Kamfanin salansa na Borla na da mataki uku na ƙara, Touring, S-Type da ATAK, in motar hawanka ce ta kullum ka tsaya a na tsakiya. Kamfanin Corsa kuwa da maganin gunjin nan ya yi suna.

Na biyu, kuma wannan shi ke ƙona min rai, cire indomi, wato catalytic converter da ke rage gubar hayaƙi. Bakanike zai ce maka oga ai ta toshe, mu fasa ta mota ta yi numfashi, alhali ƙarafa masu tsada ne a ciki irin su filatinom, akwai masu saye. Haba jama'a! Ka bar mutum ya kwashe abu mai daraja a motarka kuma ka biya shi ladan aiki? Abin da zai biyo baya shi ne wutar cek (check engine) ta kama, na'ura ta nuna P0420 ko P0430 saboda sensar baya ta daina ganin aikin indomin, ga warin hayaƙi yana shiga hancin yara a goslo, ga sautin ya koma kamar ana yaga kwano. A Amurka doka ta hana cirewa a motar titi. In ta mutu da gaske a sa wata, akwai masu faɗin hanya da ake yi don motocin gudu.

Sai masu son bututu ƙato. Inci 3 a injin da ba a taɓa ba, hayaƙin sai ya rage gudu a ciki, ka ji motar ta yi sanyi wajen tashi daga danja. Ni 2.5 zuwa 2.75 nake tsayawa, sai in an sa sufacaja, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska.

Ƙananan kuma: in V6 ce ko EcoBoost 2.3 mai silinda 4, babu tukunyar da za ta mayar da ita V8, ka daina ɓata kuɗi. Mahaɗar bututun hayaƙi biyu mai siffar H tana ba da murya mai kauri irin ta motocin 1960 da wani abu, mai siffar X ta fi kaifi, zaɓi kafin a yi walda. Ka je sayen salansa da maganaɗisu don gane irin ƙarfenta, yana manne wa ƙarfe mai lamba 409, amma 304 da ya fi jure tsatsa da kyar yake kama shi. Dogayen hedas, wato bututan da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji, suna buƙatar a sake saita kwamfutar mota, kuma suna sauka ƙasa, tudun rage gudu na unguwa zai daki su. Mustang daga 2018 da Challenger samfurin Scat Pack masu bawul a salansa, kar a yanke wayar a watsar, a sayi wadda ta zo da gurbin bawul ɗin.

Tsohuwar salansarka kuma kar ka bar wa mai walda ya daddatsa. A kwance ta da kusoshinta, ka kai ta sito, don ni tawa ce na mayar na yi wata huɗu da ita kafin sabuwar ta iso.