Yadda za ka shirya wa ƙarin girma a aikin gwamnatin jiha kada shekara ta wuce ka

Duk lokacin da sakula, wato takardar sanarwar ƙarin girma, ta fito daga ofishin shugaban ma'aikata, sai ka ga rajistirin ma'aikata, ofishin da ake ajiye fayiloli, ya cika maƙil. Wannan yana neman takardar kama aiki, wancan yana cigiyar ogan da ya bar wajen tun shekara biyu da suka wuce. Na shekara da shekaru ina kallon matasan ma'aikata suna faɗawa rami guda, ramin da ni ma na faɗa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin a jere yadda yake tafiya.

Fara da sanin inda kake tsaye

Tsanin albashin ma'aikata yana da lebul 17, tsarin da muka gada tun daga kwamitin Udoji na 1974. A babban tsarin albashi ba a taka lebul 11, daga 10 sai 12. Mai takardar sakandare yakan shiga a lebul 04, mai ƙaramar difloma a 06, mai NCE a 07, mai digiri ko babbar difloma da ya gama bautar ƙasa a 08. A cikin kowane lebul kuma akwai ƙananan matakai da muke kira sitef: 15 a lebul 01 zuwa 10, 11 a lebul 12 zuwa 14, sannan 9 a lebul 15 zuwa 17. Sitef yana ƙaruwa ne duk shekara ba tare da jarrabawa ba, muddin ba a hukunta ka da riƙe shi ba. Lebul kuwa sai an zauna a kanka.

Ƙa'idar shekaru da dokokin aikin gwamnati na tarayya suka shimfiɗa, wadda jihohi suka ɗauka, ita ce shekara 2 ga wanda ke lebul 06 zuwa ƙasa, shekara 3 ga lebul 07 zuwa 14, shekara 4 ga lebul 15 zuwa sama. Ɗauki biro ka lissafa. Wanda ya shiga da digiri a lebul 08, idan ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba, zai taka lebul 14 bayan shekara 15, ya taka 17 bayan shekara 26. Aikin gaba ɗaya kuma shekara 35 ne, ko ka cika 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. To ka ga rarar da kake da ita ba ta da yawa. Kowace shekarar da ta suɓuce maka a lebul 09 za ta biyo ka har ranar da za a lissafa fanshonka da giratuti.

Ka kuma duba layin da aka ɗauke ka a kansa, domin kowane layi yana da rufinsa a tsarin aiki. Layin da masu babbar difloma suka fi shiga ya daɗe yana tsayawa a lebul 14. Idan ka ƙaro ilimi, sauya layi buƙata ce daban da ake rubuta wa takardarta daban, kada ka zauna kana jiran ƙarin girma ya kawo maka ita. Ma'aikatan lafiya suna da nasu tsarin albashin, CONHESS da CONMESS, malaman firamare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, na ƙananan hukumomi kuma suna da tasu hukumar. Maganata a nan ta ma'aikatan ma'aikatu ce, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan jiha da sashe na 197 na tsarin mulkin 1999 ya kafa.

Sai ka lissafa ranar da ka nuna, wato ka cika shekarun neman ƙarin girma

Nan ne kuskure na farko. Mutane suna ƙirga shekarunsu daga ranar da aka miƙa musu takardar ƙarin girman baya. Ba daga nan ake ƙirgawa ba. Buɗe takardar ka karanta ranar da aka rubuta cewa girman ya fara aiki, yawanci 1 ga Janairu, wasu jihohin kuma suna haɗawa da 1 ga Yuli. Takarda tana iya zuwa hannunka a makare da shekara guda ko fiye, amma agogonka ya fara bugawa tun daga waccan ranar. Na ga wanda ya zauna shiru shekara guda cur yana tsammanin bai nuna ba, alhali sa'o'insa sun shiga jarrabawa sun fito. Rubuta ranar a bangon littafinka, kuma ka fara shiri wata shida kafin ta zo.

Fayil, inda yawanci ake faɗuwa

A nan zan daɗe, domin a nan aka kayar da ni.

Kwamitin da zai zauna a kanka bai san fuskarka ba. Bai san cewa kai ne kake riga kowa zuwa ofis ba, bai san kai ne kake rubuta wa darakta rahoto da daddare ba. Abin da ke gabansa fayil ne da taƙaitaccen bayanin da sashen mulki ya tsamo daga fayil ɗin. Abin da babu shi a ciki, a wajensu bai faru ba.

Don haka je rajistiri da ƙafarka, ka gaishe da ma'aikatan wajen da mutunci, ka roƙi a duba maka buɗaɗɗen fayil ɗinka a gabanka. Na sirri ba za a ba ka ba, kada ma ka tambaya. Ka tabbatar akwai takardar ɗaukar aiki, da ta kama aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardun makaranta, da shaidar haihuwa wadda ranarta ta yi daidai da wadda ke cikin jerin sunayen ma'aikata. Sai babba a cikinsu, takardar tabbatarwa a aiki. Sabon ma'aikaci yana zaman gwaji ne na shekara 2, kuma tabbatarwar ba ta zuwa da kanta, sai ka nema a rubuce, ka ci jarrabawarta idan layinka yana buƙata. Matasa da yawa suna ganin albashi yana shigowa duk wata sai su ɗauka magana ta ƙare. Ranar da aka tsayar da su a teburin tantancewa ne suke gane cewa a takarda har yanzu 'yan gwaji ne.

Sannan fom ɗin APER, wato rahoton ƙwazo na shekara shekara. Ana so a ga na shekarun da ka yi a lebul ɗinka, yawanci uku a jere, kowanne ka cika naka ɓangaren, oganka na kusa ya ba ka maki ya sa hannu, na sama da shi ya sake sa hannu.

Ga abin da ya same ni. Ina lebul 09, ina jiran 10. Na cika fom na shekara ta biyu na ajiye a teburin shugaban sashenmu, ya ce in bari zai duba. Ban sake bi ta kai ba. Cikin watannin nan aka yi masa sauyin wajen aiki zuwa wata ma'aikata, aka kwashe takardun ofishinsa a kwali. Da sakula ta fito, na shiga rajistiri da ƙwarin gwiwa. Dattijon da ke riƙe da fayilolinmu ya kwance igiyar nawa, ya lashi yatsa yana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, na tsakiyar fa babu." Na ce, "Baba, don Allah a sake dubawa, da hannuna na kai." Ya ce, "Ka kai wa oga, ba ka kawo nan ba."

Kwana tara suka rage a rufe karɓa. Sabon shugaban sashen ya ce ba zai ba da maki a kan shekarar da bai ga aikina ba, kuma gaskiyarsa ce, ko ni ne haka zan yi. Tsohon kuwa ya tafi kwas, bai dawo ba sai da aka riga aka tura sunaye. Na zauna shekara guda ina kallon waɗanda muka kama aiki rana ɗaya suna gabana a jerin girma, kuma har yau ban cim musu ba.

Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ɗora wa duk wanda ke ƙarƙashina. Fom ɗin shekarar da ta ƙare a cika shi kafin Janairu ya fita. Kada a bar shi a teburin kowa ya kwana fiye da mako. Idan ka ji ƙishin ƙishin za a sauya wa oganka waje, ka same shi a ranar, ka ce, "Ranka ya daɗe, akwai fom ɗina da bai samu hannunka ba," ka tsaya har ya sa. Idan ya tafi rajistiri, ka bi sawu ka ga an shigar da shi a littafin karɓa, ka rubuta ranar. Kuma duk takardar da ta shafi aikinka ka yi mata kwafi biyu, ɗaya a gida cikin leda, ka kuma ɗauki hotonta a waya ka tura wa kanka ta imel. Kuɗin kwafin bai kai na abincin rana ɗaya ba, amma ruwan sama da gara da ƙaura daga ofis zuwa ofis sun cinye fayilolin mutane ba adadi.

Wajen cika naka ɓangaren, kada ka rubuta "ina yin duk aikin da aka ba ni". Kowa haka yake rubutawa. Faɗi aikin da sunansa: rahoton da ka haɗa, kwamitin da ka yi wa sakatare, horon da ka halarta da watan da aka yi shi. Oga mai fom ashirin a gabansa yana ba da maki ne gwargwadon abin da ka tuna masa.

Abu na ƙarshe a fayil shi ne takardar tuhuma. Idan an taɓa ba ka, ka tabbatar amsarka tana ciki, kuma akwai takardar da ta rufe maganar. Wanda ke da shari'ar ladabtarwa a buɗe, ajiye sunansa ake yi gefe har sai an gama.

Wani zai raɗa maka cewa ka ɗan sunna wa wani abu a saka maka fom na baya da tsohuwar kwanan wata. Kada ka yi. Tantance ma'aikata ba ta ƙarewa a jihohi, kuma takardar bogi a fayil tana cikin manyan laifukan da ake kora a kansu. Asarar shekara guda ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka bi sunanka

Na lebul 06 zuwa ƙasa, kwamitin ƙananan ma'aikata na cikin ma'aikatarku ne yake zama a kansu. Daga 07 zuwa sama, kwamitin manyan ma'aikata ne yake ba da shawara, hukumar kula da ma'aikata ta yanke. Kafin a tura, je wajen jami'in kula da ma'aikata ka ga sunanka da idonka, ka duba lambar fayil, lebul, da ranar girman ƙarshe. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a suna yana iya tsayar da takarda watanni.

Ka kuma sani cewa cika shekaru yana ba ka damar shiga layi ne kawai. Dole a samu gurbi a kasafin ma'aikatan wajenku, kuma gurbin yana ƙara ƙunci da zarar an doshi lebul 14 zuwa sama, domin kujerun daraktoci ƙidayayyu ne. Muƙamin babban sakatare ma ba ya cikin wannan lissafin, gwamna ne yake naɗawa.

Jarrabawa da ganawa

A tsarin tarayya da aka daɗe ana bi, jarrabawa ko ganawa tana da maki 70, rahoton ƙwazo 20, daɗewa a aiki 10, kuma ana neman 60 cikin ɗari. Jiharka tana da nata rabon, yana cikin sakula, ka karanta. Abin da ake tambaya bai cika wuce dokokin aikin gwamnati ba, da ƙa'idojin kuɗi, da rubutun ofis, da aikin layinka, da al'amuran yau da kullum. Ni dai shawarata ka mallaki littafin dokokin aiki naka na kanka, ka daina dogara da tsofaffin tambayoyin da ake yawo da su a WhatsApp, amsoshinsu cike suke da kurakurai. Wasu jihohin sun koma yin jarrabawar a kwamfuta, don haka idan hannunka bai saba da linzami ba ka nemi mai koya maka tun da wuri. Ranar ganawa ka tafi da takardunka na asali.

Bayan takarda ta fito

Kada murna ta sa ka tsaya a nan. Karanta takardar da kyau, domin sau da yawa tana ɗauke da rana biyu, ranar da girman ya fara ƙirguwa da ranar da kuɗin zai fara. Tsakaninsu ba a biyan ariyas, wato bashin ƙarin kuɗin watannin baya. Yi kwafi ka kai rajistiri a saka a fayil, ka kai wa sashen albashi su cika takardar canjin albashi zuwa ofishin babban akanta. Sitef ɗin da za a ɗora ka a sabon lebul dole albashinsa ya ɗara wanda ka baro, saboda haka nemi jadawalin albashin jiharka na yanzu, wanda aka gyara bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ka gwada da takardar albashinka. Idan wata biyu suka wuce ba ka ga canji ba, rubuta takarda ta hannun shugaban sashenka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Daga nan ka buɗe littafinka ka rubuta ranar da za ka sake nuna, ka karɓi fom ɗin APER na bana.