Yadda Za a Koyar da Musabbabin Yaƙin Duniya na Farko a Makarantun Zango

Malamin da zai koyar da wannan darasi a Asawase ko Aboabo, unguwannin zango na Kumasi, kada ya fara da Sarajevo, birnin Bosniya inda aka yi kisan da ya kunna wutar yaƙin, domin yaron da iyakar tafiyarsa kasuwar Kejetia ce ba zai ji sunan a jikinsa ba. Ya fara da Togo. A watan Agustan 1914, sojojin Gold Coast Regiment, waɗanda a lokacin hedikwatarsu ke nan Kumasi, sun nufi Kamina, inda Jamus ta kafa tashar aika saƙonni ta iska, kuma ana cewa Alhaji Grunshi ne sojan farko da ya yi harbi a ɓangaren Ingila. Jamusawan Togo sun miƙa wuya ranar 26 ga watan. Daga nan sai malam ya tambayi ɗalibai abin da ya haɗa kakanninsu da faɗan Turawa.

Kafin su amsa, ya raba allo biyu. A dama ya rubuta Jamus da Ostiriya-Hangari da Italiya, masu ƙawance tun 1882, a hagu kuma Faransa da Rasha, waɗanda Ingila ta daidaita da su a 1904 da 1907. Ya ɗan tsaya a kan tsohuwar gaba: Jamus ta ƙwace Alsas-Loren daga Faransa a 1871, Ostiriya ta haɗiye Bosniya a 1908, abin da ya tsaya wa Sabiyawa a rai. Gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Ingila da Jamus, jimla ɗaya ta ishe ta.

A ganina, inda ake rasa yara shi ne makonnin barkewar yaƙin, saboda ranakun sun cushe. Dabarar ita ce a fito da ɗalibai bakwai, kowanne da kwalin sunan ƙasa a ƙirji. Malam ya sanar cewa Gavrilo Princip, Basabiyen Bosniya, ya harbe yariman Ostiriya mai jiran gado, Franz Ferdinand, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni. Ostiriya ta miƙa wa Sabiya takardar sharuɗɗa ranar 23 ga Yuli, ta ƙaddamar da yaƙi ranar 28. Rasha ta tara runduna, sai Jamus ta ayyana yaƙi a kanta ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3. Da mai kwalin Jamus ya ratsa ta wurin Beljiyam, sai Ingila ta taso, ranar 4, tana kafa hujja da yarjejeniyar 1839 da ta lamunce wa Beljiyam zaman 'yar ba-ruwanmu, mulkin mallaka kuma ya ja Kumasi a bayanta.

A kula da Italiya, domin a nan ɗalibai ke tuntuɓe a jarrabawa: ta ƙi bin Jamus, kuma a 1915 ta shiga ɗaya ɓangaren.