Yadda ake kula da kitsen ciki tun kafin ya jawo ciwon sukari

Ƙwayoyin kitse suna zuba wasu sinadaran furotin a cikin jini, waɗanda ke tsara yadda jiki yake sarrafa abinci. Leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki domin ta rage jin yunwa. Adiponektin kuwa yana taimaka wa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, wajen shigar da sukari cikin tsoka, yana kuma hana hanta sakin sukari fiye da kima. Idan tumbi ya girma, adiponektin raguwa yake yi, leptin kuma ya yawaita har ƙwaƙwalwa ta daina jin kiransa, ta nan ciwon sukari ke samun ƙofa.

A fara da awo. A ari tef ɗin tela, a miƙe tsaye, a zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, sannan a karanta bayan an saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. Santimita 94 ga namiji da 80 ga mace nan ne ake fara hattara. Wanda ba shi da tef ya yanki zare daidai tsawonsa, ya ninka biyu. In bai zagaye cikinsa ba, akwai gyara, ko da mutane na yaba masa cewa hutu ya karɓe shi.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, kuma a zafin Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, a taka da sauri maimakon hawa babur.

Batun abinci ya fi son haƙuri. Kada a yi wa jiki horon yunwa, domin da zarar ci ya ragu ƙwarai leptin ya kan faɗi, yunwa ta tsananta, jiki ya rage ƙona abinci, nauyin da aka zubar ya dawo. Gara a rage sukarin shayi, wanda a ganina shi ne babbar kafa a majalisunmu, a rage soye-soye, a riƙe tuwon dawa ko gero da miyar ganye, wake da kifin Binuwai. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi sannu a hankali yana kyautata aikin insulin. A kuma samu isasshen barci, saboda ƙarancinsa na ƙara yunwa.

Wanda awonsa ya zarce iyaka ya je asibiti a duba masa sukari da hawan jini.