Yadda ma'aikacin gwamnati a karkara zai raba aiki tsakanin ofis da gida

A shekarar 2024 aka fitar da sakamakon binciken da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin. Cikin ma'aikata sama da 1,600, an bar wasu suna yin kwana 2 a gida kowane mako. Aikinsu bai ja baya ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku. Sai dai su mutanen birni ne, wuta da intanet ba sa yi musu gardama. Na karkara sai ya yi nasa lissafin.

Da farko, kasa aikinka gida biyu. Karɓar jama'a, sa hannu da buga hatimi na ofis ne. Rubuta rahoto, tattara alƙaluma da amsa wasiƙu suna iya bin ka gida. Fayil mai ɗauke da sirrin mutane kuwa, kada ya fita sai da izini.

Na biyu, zauna da shugabanka ku yi magana, a kuma rubuta. Nan ake yawan samun saɓani, domin shugabanni da dama ba sa yarda kana aiki sai sun gan ka a kujera. Kada ka ce masa kawai za ka yi aiki daga gida. Ka ce, "Ranka ya daɗe, Laraba ina gida, amma rahoton wata zai iso gabanka kafin ƙarfe 4." Ka ba shi abin da zai auna ka da shi ke nan. Sannan ku tsara da abokan aiki yadda tebur ba zai zauna babu kowa ba, ku manna jadawalin a ƙofa. Dattijon da ya yi tafiyar awa biyu da takarda a aljihu, ya tarar da kwaɗo, ba ruwansa da wani sabon tsari.

Na uku, shirya wa ɗaukewar sabis tun kana ofis. Sauke takardun da za ka buƙata, ka cika caji. Google Docs, manhajar rubuta takardu, na aiki ba intanet idan ka saita shi tun da wuri. In taro ya kama ta bidiyo, kashe kyamara, murya ta wadatar. Saƙon tes kuma yana wucewa inda WhatsApp ya cije.

Na huɗu, yanka wa kanka lokacin tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Idan lokaci ya yi, rufe kwamfuta ka sa ta a jaka, ka sanar da ofis cewa saƙon dare sai da safe za a ga amsarsa.